Sallau da Fad Mara Igiya

A ƙauyen Tsamiyar Dogo akwai wani gida mai mutum uku da akuya ɗaya. Akwai Baba Ilu, tsohon direban tirela, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan titi. Akwai 'yarsa Tabawa, malamar firamare, mai faɗa da tausayi a lokaci guda. Sai autansu Sallau, ƙato mai faɗin ƙirji, wanda gemu ya iso masa tuntuni amma hankali ya aiko cewa yana nan tafe. Sallau ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Abin da aka gaya masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari, ko da duniya za ta kife.

Bara ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba Ilu. Hannun dama ya naɗe, harshe ya yi nauyi. Mutumin da a da in ya yi dariya a tasha ake ji har bakin kasuwa, sai ya shige ɗaki ya juya wa duniya baya. Abokansa direbobi suka yi ta sintiri, ana sallamarsu da cewa yana barci, don ba ya so su ga ana ba shi abinci a baki. Likita ta gaya wa Tabawa gaskiya: in ba ya motsa yatsun nan kullum, za su sandare, kuma ba za su sake buɗewa ba. An ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya sa hannun hagu ya wurgar da shi ta taga.

Sai Tabawa ta samo wata tsohuwar kwamfutar tebur, aka sa mata wasan tuƙa tirela, haɗe da abin da masu wasan kwamfuta ke kira fad, wato ɗan abin riƙewa mai maɓallai da ake sarrafa wasan da shi. Ta kama Baba yana satar kallon motar ta wutsiyar ido. Matsalar ita ce wurin jona wuta ɗaya ne a ɗakin, yana bakin ƙofa, gadon Baba yana can ƙurya, igiyar fad ɗin kuwa ba ta fi tsawon zani ba.

Wata rana da safe Tabawa ta ja igiyar, ta ja, ta ƙi kaiwa gado. Ta yi tsaki ta ce, "Wannan igiyar ce matsalarmu. Da a ce fad ɗin nan ba shi da igiya, da Baba ya riƙe daga inda yake." Ta yafa gyale ta tafi makaranta. Sallau yana tsugune a tsakar gida, ya ji, ya kuma ji tausayin yayarsa da ƙaramin abu irin wannan ya dame ta. Da ta dawo ya tarye ta da fad a kan faifai, lauje a ɗaya hannun.

"Yaya, na raba shi da ita."

Tabawa ta nemi turmi ta zauna.

"Igiyar ma ba ta tashi a banza ba," in ji Sallau. "Na ɗaure akuya da ita."

Wata rana kuma, da fushinta ya sauka, ta zaunar da shi ta yi masa bayani a hankali. Akwai fad da ake ƙerowa babu igiya tun daga kamfani, kuma akwai wani Cindo da ke sayar da su a kasuwar gari. Ita makaranta ba ta barinta, dole shi zai je. Ta ce, "Kafin ka karɓa, ka gwada nisan da yake kamawa." Sallau ya isa shagon ya faɗi saƙo. Cindo ya kunna tasa kwamfutar, ya miƙa masa fad ya ce, "Riƙe, ka dinga danna wannan kana ja da baya. In ya daina aiki zan kira ka." Nan take wani ya shigo da gardamar ƙwallo, Cindo ya tsunduma ciki har wuya. Sallau kuwa yana ja da baya. Ya fita daga shagon da baya, ya wuce masu tumatir da baya, ya ture tiren ƙuli-ƙuli, ya ratsa layin mahauta, mutane suna darewa suna cewa wata sabuwar hauka ta shigo gari. Sai can Cindo ya ɗaga kai ya ga babu mutum babu fad, ya kurma ihun ɓarawo. Jama'a suka yi caa, suka cim masa a kan gada, amma suka ja suka tsaya cirko-cirko, don ba su taɓa ganin ɓarawon da yake gudu a hankali yana fuskantar masu binsa ba.

Da Sallau ya hango Cindo yana haki, ya ce, "Ya daina ne? Ban ji kiranka ba."

Ya dawo gida ba fad, riga a yage, amma da labari mai daɗi. Ya ce wa Tabawa na Cindo yana kamawa har gada.

Wata rana ta sake aikensa, ta bar zancen nisa gaba ɗaya. Ta ce, "Hannun Baba ba ya riƙe abu sosai. Ka tabbatar wanda za ka karɓa ko ya faɗi ba zai fashe ba." Cindo ya gan shi ya ɓata rai, amma ciniki ciniki ne, ya jera masa su a kan tebur, fari da baƙi da mai wuta kala-kala. Sallau ya ɗauki farin, ya yaba kyansa, ya sake shi a kan siminti. Maɓallai suka watse kamar an zubar da wake.

"Wannan ba zai yi ba," in ji shi, ya ɗauki na kusa.

Kafin Cindo ya zagayo daga bayan tebur, mai wutar ma ya tafi lahira. Baƙin ya faɗi bai fashe ba, Sallau ya yi murna ƙwarai. Sai ya tuna gadon Baba a kan bulo yake, yana da tudu, don haka ya hau benci ya sake gwadawa daga can. Ranar sai da Tabawa ta je da kanta ta ba da haƙuri, ta kawo dattawa biyu suka sa baki. Washegari akuya ta koma gidan Cindo, da igiyar fad a wuyanta.

A gida kuwa babu abin dariya. Sallau ne yake wanke wa Baba hannu kowace safiya, yana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ya fi kowa sanin cewa kullum ƙara tauri suke yi. Wannan hannun ne ya taɓa ɗora shi a kan cinya a gaban tirela, ya bar shi ya danna ham. Sallau bai iya faɗin irin wannan abu ba, amma yana jin zafinsa a ƙirji, kuma tsoro yake ji.

Wata rana ya sake bayyana a ƙofar shagon. An yi sa'a akuyar ta haifa wa Cindo 'yan biyu, zuciyarsa ta yi sanyi, amma bai bar Sallau ya taɓa komai ba. Shi ya zaɓa da kansa, ya ƙulle a leda, sannan ya nuna masa wani ɗan mitsitsin abu kamar ƙwayar gyaɗa. Ya ce, "Ka ga wannan? Shi ake sokawa a jikin kwamfuta, in babu shi fad ɗin ba ya aiki. Yana da saurin ɓata. Ka ajiye shi inda hannun kowa ba zai kai ba." Sallau ya taho yana tunani a hanya. Aljihu, hannu yana shiga. Saman katanga, dogo zai kai. Da Tabawa ta dawo ta kwance leda, ta juya ta, ta kakkaɓe.

"Ina ɗan abin da ake sokawa?"

"Yana rijiya, Yaya."

"Wa ya jefa shi?"

"Ni. Kwantar da hankalinki, ko ni ba zan iya ɗauko shi ba."

Wannan karon Tabawa ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a dokin ƙofa ta yi kuka sosai, irin kukan wanda ya gaji. Can ta share ido ta ce, "Gobe ka mayar masa ya taimaka ya canza. Kuma ka saurare ni da kyau, Sallau. Kada ka karɓi ko ɗaya sai Baba ya riƙe shi a hannunsa ya ce ya yi masa." Nufinta ya roƙi Cindo aron biyu ko uku a kawo gida a gwada. Amma ba ta faɗi haka ba.

Wata rana, wato washegari, Sallau ya zauna ya yi lissafinsa. Fad yana kasuwa. Hannun Baba yana jikin Baba. Ya je ya aro amalanken maƙwabci, ya shimfiɗa katifa a ciki, ya shiga ɗaki ya sungumi Baba kamar buhun auduga. Tsoho ya yi gurnani, ya doke shi da hagu, ya zare ido.

"Yi haƙuri, Baba. Yaya ce ta ce."

Baba Ilu ya ja hula ya rufe fuska don kunya. Suka hau titi. To, Sallau bai taɓa tura amalanke a kan kwalta ba. Ya kama hannun titin da ba nasa ba, duk ramin da ya gani kuwa sai ya faɗa shi, kamar gaisawa ya zo yi da su. Tsohon direba ya jure rami, ya jure gargada, ya jure 'yan babur suna zagi. Amma da ya leƙo ta ƙasan hula ya ga motar itace ta nufo su gadan-gadan, sai wata murya da ba a ji ba tun bara ta fito.

"Koma dama, sakarai!"

Sallau ya koma dama.

"Rage gudu. Kauce ramin nan. Hagu kaɗan. Miƙe."

Kalmomin suna fitowa da nauyi, amma suna fitowa. Kuma duk tsawon shekarun da Baba Ilu ya yi yana tuƙi, bai taɓa samun motar da take bin umarni daidai-wa-daida irin wannan ba. In ya ce kaɗan, kaɗan ɗin ake yi. In ya ce birki, sai a tsaya cak ko a tsakiyar gada ne. Hula ta koma kai. Bai ma lura ba cewa hannun dama ne ya damƙi ƙarfen amalanken.

Hanyar kasuwa ta cikin tasha ta bi. Wani direba ya hango su ya ce, "Kai, wancan ba Oga Ilu ba ne?" Kafin a ce me, an bar shayi an bar lodi, an biyo amalanke ana sannu da fitowa. Cindo ya hango Sallau da rundunar mutane, ya yunƙura zai ja ƙofa, direbobi suka riga shi shiga. Aka ɗora Baba a kujera, aka jera masa fad. Ya taɓa ɗaya ya ture, ya yi masa ƙanƙanta. Wani santsi gare shi, ya zame. Wani maɓallansa tauri. Sai wani babba mai kaushin jiki, da ƙananan sandunan da ke juyawa da taɓawa kaɗan, ya zauna masa a tafin hannu. Cindo ya kunna wasan tirela.

Babban yatsan ya yi rawa, ya ƙi, ya sake yin rawa, sannan ya motsa. Motar ta ja jiki kamar kunkuru, ta hau gefen titi, fad ɗin ya yi karkarwa a hannunsa. Baba ya ce, "Gargada," ya yi dariya da rabin baki. Direbobi suka fara ba da shawara, wannan ya ce karya kan, wancan ya ce ba ta wuta.

"Ku yi min shiru," in ji Baba Ilu. "Ni na koya muku."

Yana zufa, ya mayar da tirelar da baya ya ajiye ta a wurinta ba ta gogi komai ba.

Daidai nan Tabawa ta iso. Ta dawo daga makaranta ta tarar da gado babu kowa, ta biyo sawun amalanke da niyyar yau sai ta ga bayan Sallau. Ta tsaya a ƙofar shagon tana kallon hannun mahaifinta.

Sallau ya tsuguna ya ce, "Baba, ya yi maka? Yaya ta ce sai ka faɗa da bakinka."

"Ya yi."

Ɗan mitsitsin abin dai Tabawa ce ta karɓa, ta ƙulle shi a bakin zaninta. Aka mayar da Baba cikin amalanke, fad a cinya, direbobi suna cewa sai sun zo gida, bai kuma ce a gaya musu yana barci ba. Ya dubi Sallau ya ce, "Tayar da mota." Sallau ya yi ƙugin inji da bakinsa, ya tura. Tabawa tana biye a baya, tana dariya tana share hawaye da gyale. Da suka kusa kwanar Tsamiyar Dogo, Baba Ilu ya waiwaya ya duba titi, sannan a hankali ya miƙa hannun dama waje, yatsu a buɗe, ya yi wa motocin baya alama zai sha kwana.