Yadda Za Ka Ci Gwajin Gada Bayan Ka Sayar da Simintinta

An ba ka aikin gada, rabin simintin ya bi jakai zuwa kasuwar Mayahi, yanzu kuma soja sun ce sai an ɗora mata nauyi an gani? Kwantar da hankalinka. Maharazu magini ya riga ka shiga wannan hali a shekarun fari. 'Yar gada aka ba shi a hanyar Maijirgi, daidai inda motocin hatsin taimako ke kafewa cikin rairayi, kuma ƙauyen da ke tsallake, har da mahaifiyarsa, wannan hatsi suke jira. Bi shi sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka ci gwaji.

1. Gyara mata fuska

Babu injiniyan da ke ganin cikin kankare. Inda aka ce ƙarfe mai kaurin yatsa, kai ka sa mai kaurin tsinken tsire, sirrinku ne kai da gadar. Shafe duk wata tsaga da ruwan siminti, ka bi da farar ƙasa. Soja na son abu fari.

2. Kada a kawo kamiyo

Ƙa'ida ita ce a cika kamiyo, wato babbar mota, da yashi a tsayar a kai, injiniya ya kafa agogon awo a ƙarƙashi ya ga ko ta lanƙwasa. Wannan ajalinka ne. Maharazu sai ya durƙusa gaban kumandan sojan ya ce, "Ranka shi daɗe, a ƙona ma gwamnati man gazuwal don yashi? Ga shanu nan zube banza!"

Kumandan ya yaba da kishin ƙasarsa.

3. Zaɓi shanun da kanka

Nemi garken da fari ya fi tsotsewa. Injiniya Oumarou da nauyin saniyar littafi ya yi lissafinsa, littafin kuwa a ƙasar da shanu ke cin abinci aka rubuta shi.

Ayuba mai garken ya raɗa wa Maharazu, "Waɗanga hwa ko iska ma kayar da su takai."

"Yi kurum, Ayuba. Ƙirga su za a yi, ba awo ba."

Aka cika gada da ƙashi da ƙaho, allurar agogo ko motsi. In wata ta kwanta ta kasa tashi, ka ce ko dabba ta amince da aikinka.

4. Shiga ƙarƙashi tun ba a ce ba

Al'adar kumandan ce magini ya zauna ƙarƙashin abin da ya gina. Riga shi, da tabarmarka da butarka. Maharazu ya ji tsoro ƙwarai, don tsakuwa na ta zubo masa a hula, amma ya ci gaba da jan carbi yana murmushi. Aka tafa, aka sa hannu.

5. Ranar hatsi, yi balaguro

A nan Maharazu ya yi wauta, don tafin ya sa shi ma ya fara yarda da gadar, har ya je kallo. Kamiyo ya zo shaƙe da dawa, ita kuwa dawa fari bai rage mata nauyi ba. Ƙafar baya na hawa, gada ta ɓare kamar tsohon kasko. Ba wanda ya mutu. Soja suka kwashe buhunan suka mayar Tasawa, sai an gyara hanya.

Matan ƙauye na tsaye a tsallake da ƙorai. Mahaifiyarsa ta ratso rairayin har gabansa.

"Maharazu, ba kai ka gina ta ba?"

"Ni ne, Inna."

"Ba a gwada ta ba?"

"An gwada. Ta ci."

Ta dube shi, ta kife ƙwaryarta a ka saboda rana, ta juya gida.

Gargaɗi

Cin gwaji na yi maka alkawari, ban ce gadar za ta ɗauki hatsi ba. In soja sun tafi da kai, ko shanu sun yi ƙiba kafin ranar gwaji, ba ruwana. In kuma mahaifiyarka na tsallake, kai kaɗai za ka tsaya gabanta, ni ban taɓa ganinka ba.