Ƙugiyar Malam Gwadabe

Duk ƙasar Ƙaraye, har ka dangana da Rogo, ba a taɓa yin mai alƙalami kamar Malam Gwadabe ba. Wannan magana ba ta da shakka, don daga bakinsa aka ji ta. Magatakardan wani dagaci ne a zamanin mulkin Ingilishi. Ya taɓa kwana biyu a Zariya, ya leƙa tagar ɗakin da ake buga jarida, ya dawo da tabarau da ilmin kanun labari. Tun daga nan ya raɗa wa kansa suna Mai Ƙugiya, wai layinsa na farko in ya kama mutum ba ya saki.

Wata tsohuwa, Saude, ta taɓa roƙonsa ya rubuta wa ɗanta da ke Kano cewa akuyarta ta haihu. Malam ya buɗe wasiƙar da cewa, "Abin da ya faru a gidanku ba ya faɗuwa." Ɗan bai karanta sauran ba, ya bar aikinsa ya taho yana kuka. Malam ya dubi jama'a ta saman tabarau ya ce, "Kun gani? Da na fara da akuya, zai zo?"

Ran nan dagaci ya kira shi. "Malam, agana ta shiga ƙauyukan Rogo. Masu lambar rigakafi za su zo ran Alhamis, ranar kasuwa, Di'o, Baturen mulki, na tare da su. In mutane ba su fito ba, rawanina ya faɗi, kujerarka kuma tana biye. Rubuta sanarwa a taƙaice."

"Ranka ya daɗe, taƙaitawa aikin 'yan koyo ne. In ka faɗa wa talaka komai a layin farko, me zai sa ya jira na biyu?"

Ya yini yana fere alƙalami, sannan ya zana da manyan baƙaƙe: ABIN DA BA KU TAƁA GANI BA ZAI SAUKA A KASUWA RAN ALHAMIS! BABU WANDA ZAI TSALLAKE, BABBA KO YARO! Zancen agana da lamba kuwa ya ajiye shi can layi na goma sha bakwai, ladan mai haƙuri.

To, Sulle mai shela ba ya karatu. Al'adarsa a karanta masa takarda sau ɗaya, ya ɗauki abin da ya zauna a kansa ya kai unguwa-unguwa. Da aka karanta masa wannan, ya sosa ƙeya ya ce, "Allah gafarta Malam, in suka ce mene ne abin fa?"

"Ka ce su zo su gani! Nan gwanintar take."

Sulle ya kai, kuma ƙugiya ta kama. Ba a taɓa sanarwar da ta yi gudu haka ba. Sai dai mutanen nan sun daɗe da sanin cewa in hukuma ta ƙi faɗin sunan abu, to ko aikin hanya ne na dole, ko ɗiban soja. Tun Laraba maza suka bi ta cikin dawa, Fulani suka kora shanu, mata suka tuna da 'yan'uwan da suka kwana biyu ba su ziyarta ba.

Ran Alhamis Di'o ya iso da masu lamba, suka tarar da rumfuna wayam. Mutum ɗaya ne a kasuwar, zaune kan kujera cikin babbar riga, yana jiran yabo.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Gwadabe, "ka ga ƙarfin alƙalami. Babu wanda bai ji ba!"

Masu lamba dai ba sa komawa hannu banza. Suka naɗe masa hannun riga suka tsaga. Ihun da ya yi, har waɗanda ke cikin dawa sun ji.

Dagaci ya roƙi kwana bakwai, aka ba shi. Ya karɓe alƙalamin, ya sa Malam gaba, Sulle a baya, ƙauye-ƙauye a ƙafa, damtse a buɗe. Sharaɗi ɗaya: kada Malam ya ce uffan. Sulle ne ke cewa, "Lamba ce ta agana. Ga ta nan. Bai mutu ba."

Alhamis ta zagayo, kasuwa ta cika har bakin rafi. A duk rayuwar Mai Ƙugiya, babu kanun labarin da ya tara masa jama'a kamar wannan ɗan ƙurji, shi ma wani ne ya rubuta masa.