Rigar Marlys Ta Rasu Ba Ta Taɓa Fita Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai bushe ba tukuna, iyalan marigayi Duane Koskela na garin Duluth suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar rigar sanyin matarsa, Marlys. Rigar ta riga mu gidan gaskiya a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida, a rataye, cikin ledar da ta zo da ita daga kanti. Shekararta goma sha ɗaya a gidan, ba ta taɓa leƙa ƙofar waje ba.

Marigayiyar 'yar babban gida ce. A Italiya aka ɗinka ta da ulun kashmir, launinta ruwan zuma, maɓallanta na ƙaho, taushinta kamar kumatun jariri. Duane ya saya wa Marlys ita a makon da ya ajiye aikin jirgin ruwan dakon tama, bayan ya shafe ƙuruciyarsa a kan tafki yana barinta ita kaɗai da yara. Bai taɓa faɗin kuɗinta ba, amma kowa ya ga yadda tsohuwar motarsa ta ci gaba da tari ba a canza ta ba. Sau ɗaya tak Marlys ta saka ta, a gaban madubin kantin, Duane na tsaye a bayanta riƙe da hula, yana kallonta.

An shaidi marigayiyar da haƙuri da kawaici. Ba a san ta da wata murya ba sai ƙaras-ƙaras ɗin ledarta idan Marlys ta sauka ta shafa ta, ta koma sama. Dalilin kullen nata kuwa duk ɗan garin nan ya san shi: gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara, wanda ba ya barin gefen riga lafiya. Idan babu gishiri akwai kofin da ake sha a coci, wanda ke iya zube mata, idan babu kofi akwai karen maƙwabta. Marlys ba ta taɓa rasa hujja ba.

Duane yakan ce, "Haba, tsohuwa, rigar nan fa ba gawa ba ce. Fito da ita ta sha iska, ni ma in samu abin kallo."

Ita kuma ta ce, "Kai dai bari, sai babbar rana."

Ranar jana'izar Duane aka tashi da ruwa haɗe da ƙanƙara. Marlys ta sauko da rigar, ta rungume ta, ta dubi taga, ta mayar da ita. Da tsohuwar shuɗiyar rigarta ta gwanjo ta raka shi makwancinsa.

Ciwon ajalin ya shigo ne a ɓoye. Danshi ya fara kama ta, asu ya biyo baya ya yi gida a kafaɗarta ba wanda ya sani. Sai ranar Talatar nan, da bikin Kaisa, jikar Marlys, ya matso, Marlys ta ce to, babbar rana ta zo. Tana buɗe ledar, hannun riga ya biyo hannunta. An garzaya da ita wurin tela, ya ɗaga ta ta fuskar haske, ya cire tabarau, ya girgiza kai.

Kan ko marigayiyar ta cancanci tsadarta, bakin iyali bai zo ɗaya ba. Arlene, yayar Marlys, wadda ba ta iya ta'aziyya ba tun tana yarinya, cewa ta yi, "Asu ina ruwansa da Italiya? Ga ta gwanjo nan garau, har asibiti ta kwana da ke."

Marlys ta ce, "Kar ki ɗora mata laifi, Yaya. Ita ba ta gaza ba, ni na hana ta aikinta. Kallon da Duane ya yi mini a madubin nan ya biya kuɗinta. Abu ɗaya ya roƙa, ya gan ni ina tafiya da ita a titi, na yi ta ce masa gobe." Wannan ne ke cin ranta, ba ulun ba.

Marigayiyar ta bar maratayinta na katako, da ledarta, da maɓallai shida, da shuɗiyar ta gwanjo wadda ta yi mata dukan aikinta ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta kuma bar 'yan'uwanta na kulle, wato farantan tangaran da cokulan azurfa da ke cikin kabad, su ma suna jiran babbar rana.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da hantsi a bayan gida, ƙarƙashin bishiyar tuffa da Duane ya dasa, kafin ƙasa ta gama daskarewa. Za a cire maɓallan a ɗinka su a jikin shuɗiyar, da ita Marlys za ta je bikin Kaisa. Bayan an binne za a sha kofi da burodi a farantan nan na kabad, wanda ya fashe ya fashe. Iyali ba sa buƙatar furanni. Roƙon Marlys ɗaya ne: duk mai zuwa ya sako abin da yake ɓoye wa babbar rana. An san akwai gishiri a titi. A zo haka nan.