Rasuwar Kambu, Kunnena na Damtse

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Ashafa Panshekara, mai inji na tara a masaƙarmu ta Challawa, nake sanar da rasuwar kambuna, wanda ya cika ranar Laraba da azahar, yana da shekara huɗu a damtsena na hagu.

Wannan takarda ta 'yan ɗakin saƙa ce kawai, hannu da hannu. Duk wanda ya manna ta a allon ofis, ni da shi.

Marigayin ba laya ba ne. Ban taɓa cewa laya ne ba, ku kuka ce, na yi shiru. Gaskiyar magana, ƙarar injin saƙa ta shekara goma sha tara ta cinye min kunne. Na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu sai dai in tsawa aka yi. Kowa kuwa ya san kurma ba ya kwana biyu a kamfani in manaja ya gane, balle yanzu da ake neman dalilin rage mutane.

Bulus mai gyaran wuta, mutumin Kagoro, shi ya haɗa shi a 2003. Ya farke bel ɗin nan na rage tumbi mai jan jiki da lantarki, ya haɗa da kayan cikin ƙararrawar ƙofa mara waya, muka kai wa baduku ya ɗinke da jar fata. Makunnin yana aljihun Uba, mai inji na goma. In ya danna sau ɗaya, kambu ya tsikare ni: juya, ana maka magana. Sau biyu: manaja ne, gyara tsayuwa. Sau uku: cire hannu, kashe inji. In ya ja dogo kamar tururuwa tana tafiya a fata, lokacin salla ya yi.

Marigayin bai taɓa yi min ƙarya ba, bai taɓa kai gulmata ofis ba. Abincinsa batir ɗaya a mako. An ce yana ɗan yin "zzz, zzz" in yana aiki. Ni ban taɓa jin muryarsa ba, fatata ce ta san shi. Aibinsa ɗaya: in na yi gumi sai ya cije ni kamar kunama, har manaja ya taɓa tambaya ko rawa nake koyo.

Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi. Lawan mai kawo mana zare, ƙato mai 'ya'ya biyar, wanda inji ya cinye wa yatsa ɗaya da rabi, ya daɗe yana bin damtsena da ido. A tunaninsa, mutumin da ya shekara huɗu ko ƙwarzane babu, maganin ƙarfe yake ɗaure da shi. Ya roƙe ni sunan malamin, na ce babu malami, ya ce rowa ce. Ranar Laraba na rataye kambu a ƙusa na tafi alwala. Na dawo na tarar da shi a kwanon sha, ya jiƙe sharkaf, Lawan ya shanye ruwan yana shafa ragowar a hannu. Da na shaƙe wuyan rigarsa, na ga bakinsa yana cewa, "Yaya Ashafa, albarkar kawai na ɗiba, ai ban rage shi ba."

Mun shanya shi a kan janareta. Mun sa sabon batir. Uba ya danna har babban yatsansa ya ƙage. Shiru.

Washegari manaja ya tsaya bayana ya kira ni sau uku, ban juya ba. Uba ya jefo min ƙullin zare, ya sami manajan a ƙeya. Yanzu ya ce ranar Litinin zai tsaya a kaina ya ga ko raini ne ko wani abu. In raini ne, takardar gargaɗi. In wani abu ne, bakin get.

Marigayin ya bar ni, da tabo biyu a damtse. Ya bar Uba da makunni maraya a aljihu. Ya bar matata Ma'u da yara bakwai, waɗanda ba su san shi yake ci da su ba. Ya bar Bulus, da aka sallama bara ya koma gida, lambarsa ba ta shiga. Duk mai bi ta Kagoro ya gaya masa ɗansa ya rasu, ya zo.

Za a binne shi ranar Asabar bayan an tashi aiki, gindin darbejiyar bayan ɗakin janareta. Batirin za a cire, sabo ne. Mai ta'aziyya ya biyo ta gabana in ga bakinsa. Lawan ne zai haƙa ramin. Kuma tunda albarkar tana cikinsa, shi ne magaji: daga Litinin zai riƙa zagaya injina da zarensa, yana mintsinina a damtse, ɗaya, biyu, uku. In ya yi kuskure aka kore ni, shi ma zan jiƙa shi, a kogin Challawa.