'Ya'yan Tasalla Biyar da Katin Alhaji Mudi

Ku taho nan ku zauna, ku duka. Lantana, sauke tukunyar nan, ba guduwa za ta yi ba. Bature, kifa wayar nan a ƙasa. Kai ma babban, matso, ka san da kai nake. Magana ce ta raba garinmu Dinyawa gida biyu, an kawo mini ita, na ce sai na ji ta bakin waɗanda suka yi boko.

Kun san Gwaggonku Tasalla, ƙawata ta bayan masallaci. Shekara arba'in da ɗaya ta yi da mijinta, marigayi Malam Barmo falken albasa, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Ni ba mijina ba ne, shi ya sa na faɗa. Ita kuwa irin matan da ce, mai alkunya ta gaske. Ko wani Barmon daban ta gamu da shi a hanya, "mai sunan Malam" take ce masa.

To shi Malam, duk lokacin da ake ɗaukar yara a firamare yana can Kudu da buhunansa. Ita ke kama hannun yaro ta kai shi gaban malamin da ke rubuta suna, malaman kuma kowace shekara sabo ake turowa, ba wanda ya san gidan.

Da ta kai ɗan fari, malam ya tambayi sunan yaro. Ɗan fari ne, shi ma ba ta faɗa. Sai ta ɗaga hannun yaron, malam ya ƙirga yatsu shida, ya rubuta Cindo. Ya ce sunan uba fa? Ta sunkuyar da kai. Ya juya ga yaro, ya ce kai, yaya sunan babanka? Yaro ya ce Baba. Malam ya dawo kanta, da ƙyar ta ce, "Maigidanmu ne." Layi ya yi tsawo, rana ta take. Malam ya rubuta Cindo Maigidanmu, ya ce na gaba.

Na biyu, wanda aka haifa ana tsuga ruwa, ta ce da malamin, "Ai ka san shi, mai jan keken nan." Ya zama Anaruwa Maijankeke. Na uku ta ce ƙanin Liman ne, aka sami Ƙosau Ƙaninliman. Da ta kai macen, sai ta nuna tagar ajin da yayyenta suke, ta ce uban waɗancan ne. Delu Ubanwaɗancan ke nan. Na ƙarshe kuwa ta faɗa hannun wani malami mai zafin kai. Ya ce, "Za ki faɗa, ko in rubuta abin da na gani?" Ta ce rubuta. Ya rubuta Auta Taƙifaɗa.

Sunayen nan suka bi yaran daga aji zuwa aji, suka hau takardun jarrabawa, suka zauna daram. Yau Maijankeke tirela yake ja. Ubanwaɗancan ungozoma ce a asibiti, da sunan maƙale a ƙirji, masu naƙuda suna karantawa suna dariya suna nishi. Auta kuma malamin makaranta ne a birni, kowace safiya yara sittin ke miƙewa su ce ina kwana Malam Taƙifaɗa.

Shi Autan ne ya ga yarinya, Suwaiba, 'yar Malam Nasidi tela. An kai gaisuwa, an kai kaya, saura sa rana. Sai dai waliyyin yarinya wan ubanta ne, Alhaji Mudi, tsohon magatakardan kotu, mutumin da in ka ce masa gari ya waye sai ya ce ina takarda. Ya sa aka rubuto masa sunayen 'yan'uwan ango don katin biki. Ya karanta, ya goge tabarau, ya sake karantawa. Ya ce, "Uwa ɗaya, uba biyar?" Nan take ya ce a dakata da sa rana, da ƙafarsa zai je ya bincika asali.

Ranar Lahadi da hantsi mota ta tsaya a ƙofar Tasalla. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ga Liman, ga 'ya'yan su biyar, ga Malam Nasidi a gefe kamar wanda aka jawo dole. Tasalla na zaune da ƙwaryar gyaɗa tana ɓara. Ta ga babbar riga ta sha sitati, ta ga takalmi yana ƙyalli, ta ce a ranta wannan ba gaisuwa ce ta kawo shi ba.

Alhaji bai zauna ba sai da ya raba wa kowa katin sunansa, mai ruwan zinare, har da ita. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta miƙa wa Delu.

"Karanta mini."

"Alhaji Mudi Tashar Gawo, magatakarda mai ritaya."

"Tashar Gawo kuma ina ne?"

Anaruwa ya ce, "Inna, inda muke ajiye manyan motoci ne a hanyar Kudu. Akwai mai tuwo a wajen."

Alhaji ya gyara hula. "A zamaninmu, sunan garin mutum ake sa masa a makaranta."

Ta karɓi katin, ta tura shi ƙarƙashin ƙwarya, ta ci gaba da ɓara.

Ya zaro takarda ya fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, yana jan kowanne kamar mai kiran masu laifi. Kowa aka kira sai ya amsa. Da ya zo kan Ƙaninliman, Liman ya yi gyaran murya.

"Alhaji, ƙanin nan nawa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na raɗa wa yaran nan suna su biyar. Ubansu Barmo."

"Allah gafarta Malam, shaidar ɗan'uwa ba ta shiga."

Cindo ya ce, "To dubi hancinmu mana. Duk garin nan akwai mai irinsa?"

"Hanci ba takarda ba ne. Takarda ta ce biyar. Uwa ce ta san uban ɗa. Ta buɗe baki ta faɗi sunansa a gabana, in rubuta, mu sa rana. In ba haka ba, gobe kayanku su dawo."

Tasalla ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Auta ya rarrafo ya durƙusa a gabanta, gumi har ya jiƙa masa wuyan riga.

"Inna, kalma ɗaya ce. Wallahi Baba zai yafe."

"Yana da rai ban faɗa ba, sai yanzu da ba ya iya ce mini kul?"

"Inna, Suwaiba ce fa."

Ta dube shi. Autanta ne, shekara uku yana zarya a kan yarinyar nan, ita ma kuma tana son yarinyar, don ta iya gaisuwa. Ta motsa leɓe. Ita da kanta ta gaya mini ta gwada, sunan ya taso har maƙogwaro ya ga haske ya koma. Abin da ya fi ci mata rai, kunyar da ta riƙe shekara arba'in ita ce yau ta mai da ita mai maza biyar, a gidanta, a gaban wan mijinta.

Alhaji ya miƙe ƙafa, ya ɗauko muryar kotu.

"Baiwar Allah, ba cin fuska ba ne. Shekara talatin na yi ina wannan aiki. Abin da aka rubuta a bayan sunan mutum, shi ne ubansa. Ba ni na ce ba, takarda ce."

Tasalla ta ajiye gyaɗar hannunta.

"Kunnena ya tsufa, Alhaji. Maimaita."

Ya maimaita, har da ɗaga yatsa.

"Ko na waye?"

"Ko na waye."

Ta ɗaga ƙwarya, ta zaro katin, ta hure ɓawon da ya hau kansa.

"To Alhaji, nawa dai mutum ɗaya ne. Maigidanmu, mai jan keke, ƙanin Liman, ga Liman a zaune. Kai da takardarka ta ce Tashar Gawo, a cikin direbobin wanne ne?"

Liman ya cusa fuska a rawani, kafaɗunsa suna rawa. Anaruwa ya fita da gudu, aka jiyo shi a zaure yana dukan bango. Shi kuwa Malam Nasidi ya yi dariya har hularsa ta faɗa cikin gyaɗa. Da ya samu numfashi ya ce, "Yaya, ni na gamsu da asali. A ɗaura aure Juma'a ta sama in Allah ya kai mu." Alhaji ya naɗe takardarsa, ya shiga mota bai yi sallama ba.

An sa rana, kaya ba su dawo ba. Amma Alhaji ya aiko cewa ba zai zauna a wajen ɗaurin aure ba sai Tasalla ta zo har gida ta ba shi haƙuri. Cindo da Ƙosau sun ce ta je, suruki ne, kuma maganar ta yi nauyi. Delu da Anaruwa sun ce ko ƙofar gida kada ta taka, shi ya fara. Auta ya ce shi dai a kai Juma'a lafiya. Matan unguwa sun rabu, har a wajen rijiya an daina ara wa juna guga.

To ku raba mana, ku da kuka san takarda. Ta je ko kada ta je? Sai dai kafin ku yanke, ku ji yadda suka yi da Cindo jiya da safe, ina zaune. Ya ce, "Inna, ki daure ki je, uba fa kika taɓa masa."

Ta miƙa masa katin.

"Nuna mini inda uban yake a nan, in je in durƙusa."