Yadda Ake Gyara Bakin Injin Tiyo Ba Sai An Je Kano Ba

Ke uwar ɗa, matso kusa. In ɗanki na da injin narka roba mai fitar da tiyon ban ruwa, kuma bakin injin ya tsage, ni Inno ta Gwandu na yi miki alkawari: bi matakan nan biyar, kwana uku injin zai tashi. A kan autana Basharu na gwada. Shi ne da rawar kai yac ce wa Malam Zubair na Kalgo, uban Yusra da yake nema, zai kawo mishi tiyo yadi ɗari kafin albasarshi ta bushe. Washegari bakin injin yat tsage.

1. Ki karɓe wayar

Ɗanki zai kira injiniya a Kano. Injiniya zai ce wai bakin nan ba kowane ƙarfe ba ne, sai wanda ba ya laushi in ya sha wuta, roba ba ta cinye shi, an gasa shi cikin tanda, an goge cikinshi har mutum ya ga haƙoranshi. Wai sati uku kafin ya iso. Ki tambaye shi ko ya taɓa ganin albasa ta jira mutum sati uku. Ki kashe wayar. Injin nan fa injin markaɗe ne da anka sa makaranta: a zuba farfasassun bokitai sama, abu ya murɗa, ya fito gaba.

2. Ki zaɓi ƙarfe da kunne

Ki ƙwanƙwasa da cokali. Wanda yac ce "ƙwas", raggo ne. Wanda yac ce "ƙyal", munafuki. Ni tsohuwar garmar marigayi mai gidana na ɗauko. Shekara talatin tana cin ƙasar Maruda ba ta yi tari ba, roba ce za ta ba ta tsoro?

3. Ki nemi maƙerin da ba ya iya miki musu

Nawa Isa ne, ni na yanke mishi cibi. Ya juya tsagaggen bakin a hannu, yac ce, "Inno, wanga sandan da ke tsakiyar ramin fa?"

Na ce, "Shi yat toshe hanya har abin yat tsage. Ka taɓa ganin mazurari da tsinke a maƙogwaro? Kada ka sa shi."

"Anya, Inno..."

"Isa, na san ka tun ba ka da wando."

Bai sa ba. Da zai tsoma jan ƙarfen cikin ruwa, na sa anka ƙara kanwa. Kanwa ba ta ɓata komai.

4. Kome ya fito, kada fuskarki ta canza

Abu yaf fito baƙi wul, shina ƙyalli, munka yi guɗa. Basharu ya yanki guntu, ya leƙa, ya busa har kumatunshi sunka kumbura.

"Inno, babu rami!"

Ashe sandan nan shi ke huda tiyo. To wa ya faɗa mini? Ki dubi ɗanki ki ce, "Wanga ba zai taɓa yoyo ba." Garma kuma tana shan zafi sai ta fara buɗe baki. Farkon tiyon kamar ɗan yatsa, ƙarshe ya kai kaurin taɓarya. Ki ce an yi ne don kowa ya samu daidai shi.

5. Ki kai da kanki, da goro

Malam Zubair ya jona tiyon ga injin ban ruwa, ya tada injin. Ruwa ya dawo da baya ya wanke mishi babbar riga har hula. Ya tsaya shina ɗiga.

"Hajiya, ta ina ruwan ke bi?"

"Ta waje, Malam. Zamani ne."

Ya taka abin da ƙafa, ya ja da ƙarfi, bai tsinke ba. Sai ya ɗaura guga a siririn gefen ya jefa rijiya.

"Igiya ce ta ƙwarai," in ji shi. "Fangalin albasa ɗari biyu gare ni. Yaron ya zo gobe da sassafe. In albasa ta yi, ku turo manya a yi maganar Yusra."

Yau kwana goma sha ɗaya Basharu shina jan guga a Kalgo. Albasa ta miƙe, shi ya ranƙwafa, kuma ya daina gaishe ni da kyau.

In kin bi maganata abin ya kwaɓe miki, kada ki nufo ƙofata. Ni ban yi boko ba, kowa ya sani. Ke da kin iya karatu har kin kawo nan, mi ya kai ki?