Ni Na Kira 'Yan Sanda Da Kaina

Ranar Alhamis ce, hanyar kasuwa ta cushe, ni kuwa permina na tuƙin mota bai cika wata uku ba, dokokin tuƙi na zaune a kaina daram. Na hango 'yar kafa, na karya kan mota hagu. Sai na ji gwaram. Wani Alhaji Bakano mai sayar da atamfa ne ya daki bayan motata.

Ya fito yana salati, ya ce, "Malam, tunda ba wanda ya ji ciwo, mu yafi juna, kowa ya gyara tasa."

Na ce, "Alhaji, nan ba Kano ba ce. A Damagaram, wanda ya daki baya shi ke da laifi. Kada a taɓa komai sai 'yan sanda sun yi konsta, sun auna wurin sun rubuta mai laifi."

'Yan kabu-kabu suka ba ni haƙuri, na ƙi. Da wayata na kira komisariyar 'yan sanda. Awa biyu na yi jingine da wani ƙarfe a bakin titi, ina koya wa jama'a doka.

Ɗan sanda ya zo, ya auna titi, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Malam, ɗaga kanka."

A saman ƙarfen nan, allon hana juyawa hagu ne.

Laifi duka ya dawo kaina. Alhajin ne ma ya roƙa kada a karɓe mini permi.

Shekara huɗu ke nan. Jiya kofin shayi ya suɓuce mini ya fashe. Matata ta tare yara da hannu, ta ce, "Kada a taɓa komai, Babanku zai kira a yi konsta."